Maikro-RNA da mummunan kumburin huhu: akwai abin da zai iso gadon majinyaci kuwa?

Maryam:
Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. An ba mu aikin nazari a kan ARDS, wato mummunan kumburin nan da ke cika huhu da ruwa har numfashi ya gagari mutum cikin 'yan kwanaki. Duk takardar binciken da na buɗe sai na tarar da maganar maikro-RNA, lambobi rututu: miR-146a, miR-155, miR-223 da sauransu. Wata takardar ta ce wannan yana kare huhu, wata kuma ta ce shi ke ƙara rura wutar. Kaina ya ɗaure. Don Allah da gaske waɗannan abubuwa suna da tasiri a jikin ɗan Adam, ko a jikin ɓera kawai ake ganin aikinsu?

Malam Usman:
Wa alaikumus salam, Maryam. Bari mu faro daga tushe, saboda masu karantawa da ba fanninsu ba ne.

Ƙwayar sel ta huhu da ta hanta da farar ƙwayar jini duk DNA iri ɗaya suke ɗauke da shi. Abin da ya bambanta su shi ne waɗanne ƙwayoyin gado ake karantawa, kuma da wane yawa. Idan sel na bukatar wani furotin, sai ta kwafo umarninsa daga DNA zuwa wani zare mai suna mRNA, shi ke kai saƙon inda ake ƙera furotin ɗin. Shi kuwa maikro-RNA guntun zare ne, harafi 22 ko kusa da haka, kuma ba ya zama furotin. Aikinsa ya je ya manne wa mRNA da ya dace da shi, yawanci ta wajen wutsiya, sai a rushe saƙon ko a rage karanta shi. Wani furotin mai suna Drosha ke fara yanko shi a cikin cibiyar sel, wani mai suna Dicer ya ƙarasa yankan a waje, sannan furotin Argonaute ya riƙe shi ya kai shi inda zai yi aiki.

A 1993 Victor Ambros da Gary Ruvkun suka fara bayyana wannan tsari a jikin wata 'yar tsutsa mai suna C. elegans, wadda tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. Shekaru ana ɗaukar abin a matsayin wata baiwa ta tsutsa kaɗai, sai a 2000 aka gano let-7, aka kuma same shi a jikin mutum da dabbobi da yawa. A 2024 su biyun suka karɓi lambar yabo ta Nobel. Yanzu an san mutum na da irin waɗannan fiye da dubu.

Ga inda ruɗaninki ya samo asali. Haruffa kamar bakwai ne kacal, daga na 2 zuwa na 8, suka fi yanke hukuncin wa za a manne wa. Saboda haka maikro-RNA guda na iya taɓa ɗaruruwan saƙonni, kowanne ya rage masa kaɗan. Sakamakon ya danganta da wace sel ce, da kuma wane lokaci ne na ciwon. Takardu biyu za su iya saɓa wa juna alhali kowacce gaskiyar abin da ta gani ta faɗa.

Dr. Bashir:
Malam Usman, Allah ya ƙara basira, bayanin ya fito sarai. Amma bari in kawo ku gefen gado, don kada Maryam ta manta da mutumin da ake magana a kansa.

A huhun babban mutum akwai 'yan jakunkunan iska ɗaruruwan miliyoyi, kuma bangon da ya raba iska da jini bai kai kaurin maikron ɗaya ba a wurare da yawa. Nimoniya mai tsanani, ko guba daga ƙwayoyin cuta a jini, ko amai da ya faɗa huhu, ko mummunan rauni, ko kumburin wata gaɓar ciki da ake kira fankiriyas, kowanne na iya tayar da garkuwar jiki fiye da kima. Fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutrofil su yi dafifi a huhu, bangon ya fara yoyo, ruwa mai furotin ya cika jakunkunan, sinadarin da ke hana su mannewa ya lalace. Ka ɗauki hoton ƙirji ka ga ɓangarorin biyu sun yi fari fat, ka ƙure oksijin amma jini bai ɗauka.

Tun 1967 Ashbaugh da abokan aikinsa suka bayyana ciwon a majinyata 12. Ma'anar ciwon da masana suka fitar a 2012, wadda ake kira ma'anar Berlin, ta raba shi gida uku bisa yawan oksijin da ke shiga jini. Babban binciken LUNG SAFE na 2016, a ƙasashe 50, ya samu cewa kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda ake kwantarwa a sashen kulawa ta musamman suna da shi, kuma a masu tsananin ciwon kashi 46 cikin 100 ba su fita asibiti da rai ba.

To me ya rage mutuwa zuwa yau? Rage yawan iskar da na'urar numfashi ke hurawa a kowane numfashi zuwa mililita 6 a kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawon mutum, maimakon 12. Wani gwaji na shekarar 2000 ya nuna mutuwa ta sauko daga kusan kashi 40 zuwa 31. Sai kwantar da majinyaci rub da ciki, wanda gwajin PROSEVA na 2013 ya nuna ya sauko da mutuwa cikin kwana 28 daga kusan kashi 33 zuwa 16 a masu tsanani. Ku lura, duka biyun ba magani ba ne, dabarar kulawa ce. Magungunan da suka yi kyau a ɗakin gwaji kuwa, ɗaya bayan ɗaya suka faɗi a jikin mutane. Shi ya sa duk wanda ya zo mini da sabon suna nake tambayarsa: a jikin wa aka gwada?

Sista Rabi:
Likita ya faɗi gaskiya. Kuma rub da cikin nan ba ƙaramin aiki ba ne. Mutum yana kan na'ura, bututu a maƙogwaro, layukan ruwa a wuya da hannu, sai mun taru mu huɗu ko biyar, ɗaya ya tsaya a kai ba abin da yake yi sai riƙe bututun. A naɗe shi cikin zanin gado, a ƙirga, a juya lokaci guda. Sai a gyara fuska kada ido ya danne, a sa matashi ƙarƙashin ƙirji da ƙugu, ana sauya gefen kai da hannuwa duk bayan 'yan awanni har a cika awa 16. Wani za ka ga lambar oksijin tana hawa a gabanka kafin awa guda, wani kuma ko gezau. Abin da ya daɗe yana damuna ke nan: mutum biyu, shekaru kusan ɗaya, ciwo ɗaya a rubuce, kulawa ɗaya, amma wannan ya tashi wancan ya tafi. In har maikro-RNA ɗin nan zai gaya mana dalili, ni ina son in ji.

Malam Usman:
Sista, tambayarki ita ce ainihin maganar. Zan dawo gare ta, amma bari in fara amsa wa Maryam a kan lambobin da ta lissafo, don ba duka suke da nauyi ɗaya ba.

Wanda aka fi fahimta shi ne miR-146a. A 2006, a ɗakin binciken David Baltimore, aka nuna cewa idan sel ta ji ƙamshin ƙwayar cuta ta kunna NF-kB, wanda shi ne babban makunnin kumburi, shi wannan makunnin da kansa yake sa a ƙera miR-146a. Shi kuma ya juyo ya rage furotin biyu, IRAK1 da TRAF6, waɗanda ta kansu saƙon kumburin ke bi. Wato jiki yana taka totur yana kuma ɗora ƙafa a kan birki a lokaci guda. Ɓerayen da aka cire musu shi, kaɗan daga gubar ƙwayar cuta kan jefa su cikin kumburi mai tsanani.

Shi miR-155 hanya ɗaya ce ke tayar da shi, amma aikinsa akasin haka ne. Yana rage SOCS1 da SHIP1, waɗanda su ma masu kwantar da kumburi ne, saboda haka yawansa yana ƙara zafin abin.

Wanda ya fi burge ni shi ne miR-223. Niyutrofil ne suka fi ɗauke da shi. A 2008 aka ga cewa ɓerayen da ba su da shi niyutrofil ɗinsu sun fi ƙarfin kima, har huhunsu kan kumbura. Sannan a 2017 aka nuna wani abin mamaki: niyutrofil ɗin da suka shigo huhu, waɗanda muke ɗora wa laifin ɓarnar, suna sakin 'yan ƙananan ƙunshi masu ɗauke da miR-223, sel ɗin bangon huhu su haɗiye, shi kuma ya rage wani furotin mai suna PARP-1 a cikinsu, kumburin ya lafa. An gwada wannan a ɓerayen da na'urar numfashi ta raunata huhunsu da waɗanda aka sa wa ƙwayar cuta, kuma da aka shigar musu da ƙarin miR-223 ta hanyar iska sun samu sauƙi. Wannan ya canza mini yadda nake kallon niyutrofil gaba ɗaya.

Ta ɓangaren jijiyoyin jini akwai miR-126, wanda ke taimaka wa bangon jijiya ya riƙe kansa, da miR-181b, wanda a 2012 aka nuna yana hana NF-kB shiga cibiyar sel a bangon jijiya. Wannan na ƙarshen, Likita, ba a ɓera kaɗai aka tsaya ba, an auna jinin majinyata masu guba a jini aka same shi ya ragu.

Dr. Bashir:
Na yarda da duk wannan, Malam. Ba na musun cewa tsarin yana nan a jikinmu. Damuwata ita ce tazarar da ke tsakanin ɓeran da mutumin. Ɓeran matashi ne, lafiyayye, duk 'yan uwansa jini ɗaya. An ɗiga masa LPS, wato gubar jikin ƙwayar cuta, a maƙogwaro da ƙarfe tara, an san sa'ar da ciwon ya fara, sau da yawa ma an ba shi maganin kafin a sa masa ciwon. Nawa majinyacin kuwa dattijo ne mai ciwon sukari, ya yi kwanaki yana tari a gida kafin a kawo shi, ƙodarsa ta fara gazawa, ƙwayar cutar kuma tana nan da rai tana hayayyafa. Idan na ƙara masa miR-146a na kwantar da garkuwarsa, wa zai yaƙi ƙwayar cutar? Mun sani cewa masu guba a jini da yawa, bayan makon farko, matsalarsu ba yawan kumburi ba ce, garkuwar ce ta yi laushi har wata cutar ta sake kama su a kan na'ura.

Malam Usman:
Wannan magana taka ba ta da makawa, kuma binciken kansa yana goyon bayanka. Ɓerayen da aka cire wa miR-155, a rahoton 2007, garkuwarsu ta yi rauni, allurar rigakafi ba ta kare su yadda ya kamata ba, har hanyoyin iskar huhunsu suka sauya fasali. To ka ga wanda muke kira mai ƙara zafi ma, in babu shi akwai asara. Haka a matakin warkewa. miR-21 yana taimaka wa wani furotin mai suna TGF-beta wajen tara tabo a huhu, iyalin miR-29 kuma suna rage ƙera kolajin, wato furotin da ake gina tabo da shi. Amma rauni ba ya rufewa sai da ɗan kolajin. Abin da zai taimaka a rana ta biyu na iya cutarwa a rana ta goma.

Malam Garba:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ɗan fannin ba ne. Ƙanina ya kwanta da wannan ciwo lokacin korona, ya yi makonni a kan na'ura, Allah ya tashi kafaɗunsa. Amma har yau in ya hau bene sai ya tsaya ya huta. Likita, ranka ya daɗe, wannan tabon da Malam Usman ke faɗa shi ne? Kuma akwai allurar maikro-RNA ɗin da za a nema masa?

Dr. Bashir:
Allah ya ƙara masa lafiya, Malam Garba. Yana iya zama tabo, amma ba lallai ba. Da yawa daga waɗanda suka tsira huhunsu kan dawo kusan daidai cikin watanni zuwa shekara, abin da ke daɗewa shi ne raunin tsoka saboda doguwar kwanciya. Ya je a yi masa gwajin hura iska, in da hali a ɗauki hoton CT, a duba zuciya da yawan jini, daga nan za a san inda matsalar take. Motsa jiki a hankali ƙarƙashin kulawar masu gashin ƙashi yana taimakawa ƙwarai.

Allura kuwa babu. Har yanzu ba a amince da wani maganin maikro-RNA ba, ga wannan ciwo ko waninsa. Duk wanda ya ce zai sayar muku da shi, kada ku saurare shi.

Malam Garba:
Na gode, Likita. Allah ya saka da alheri. Zan gaya masa.

Aliyu:
Bari in ƙara a kan maganar magani, tunda nan ne ɓangarena. An gwada, ba wai ba a gwada ba. Miravirsen yana toshe miR-122, wanda ƙwayar cutar hanta nau'in C ke dogaro da shi, kuma sakamakon da aka buga a 2013 ya nuna ya rage ƙwayar cutar a jinin mutane sosai. Sai magungunan haɗiya masu warkar da cutar cikin 'yan makonni suka fito, aka daina bukatarsa. Shi kuwa MRX34, kwaikwayon miR-34a da aka yi wa masu ciwon daji, a 2016 aka dakatar da gwajinsa bayan garkuwar jiki ta tashi da ƙarfi, mutum huɗu suka rasu. Ku yi tunanin wannan ga mai ARDS, wanda dama garkuwarsa ce ta tashi. Jiki yana ɗaukar baƙon RNA a matsayin alamar ƙwayar cuta, dole sai an yi masa kwaskwarima an ɓoye shi.

Sai matsalar isarwa. Patisiran, ɗan uwansu daga wani nau'in guntun RNA da ake kira siRNA, wanda aka amince da shi a 2018, an naɗe shi cikin ƙananan ƙwayoyin kitse, kuma ya yi aiki ne saboda hanta yake nufa, ita kuwa hanta ita ke tsince irin waɗannan ƙwayoyin daga jini. Huhu ba haka yake ba. Za ku ce a shaƙa. To iskar tana zuwa ne inda huhun yake a buɗe, wuraren da suka fi ciwo kuwa ruwa ya cika su, maganin ba zai isa ba.

Maryam:
To Yaya Aliyu, ke nan in rubuta cewa ba shi da amfani a asibiti?

Malam Usman:
A'a, Maryam, kada ki rubuta haka. Nan ne zan koma ga tambayar Sista Rabi. A 2014 Carolyn Calfee da abokan aikinta suka sake nazarin bayanan manyan gwaje-gwajen ARDS, suka ga majinyatan sun rabu gida biyu. Kusan kashi ɗaya cikin uku kumburinsu ya yi tsanani ƙwarai, sinadaran kumburi sun cika jininsu, hawan jininsu ya fi faɗuwa, kuma sun fi mutuwa. Sauran nasu da sauƙi. Daga baya, da aka sake duba gwajin simbastatin, maganin rage kitsen jini, wanda a dunƙule bai nuna amfani ba, sai aka ga alamar cewa rukunin farko sun fi rayuwa da shi. Ma'ana mai yiwuwa wasu magungunan da Likita ya ce sun faɗi, an ba wa kowa ne alhali wasu kaɗai suka dace da su. Deksametason, maganin rage kumburi, a korona ma haka ya nuna a 2020: ya rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku ga masu na'ura, amma bai amfani waɗanda ba sa bukatar oksijin ba.

Ni a nan nake ganin maikro-RNA zai fara shigowa, a matsayin ma'auni kafin ya zama magani. Tun 2008 aka san yana yawo a jini ba ya saurin lalacewa, saboda yana cikin ƙunshi ko manne da furotin. Kuma wasunsu suna nuna inda suka fito: miR-126 daga bangon jijiya, miR-223 daga niyutrofil. In ka ga wanne ya hau wanne ya sauka, kana iya sanin wane ɓangare ne ya fi jin jiki a wannan mutumin, a wannan ranar.

Dr. Bashir:
A nan mun fi kusa da juna, Malam. Amma zan ɗora sharaɗi. Rukunin Calfee ana iya gane su da abubuwa kaɗan, irin su sinadaran jini IL-8 da baikabonet da furotin C, har ana ƙoƙarin gane su daga gwaje-gwajen yau da kullum. Sabon ma'auni sai ya fi waɗannan, ko ya riga su nunawa, kafin ya cancanci wahalar. Kuma ya fito cikin awa guda ko biyu, don ni da tsakar dare nake yanke shawara. Yawancin binciken da na karanta majinyata kaɗan ne a asibiti ɗaya, kowa da jerin lambobinsa, da wuya ka ga wani ya maimaita na wani ya samu abu ɗaya.

Malam Usman:
Rashin maimaituwar nan ina ganinta da idona, kuma kaso mai yawa daga ɗibar jinin take farawa. Jajayen ƙwayoyin jini cike suke da miR-451 da miR-16. In aka ja jini da ƙarfi ta siririyar allura suka fashe, ruwan jinin ya ɗan yi ja-ja, to lissafin ya gurɓace, ga shi kuma wasu da miR-16 ɗin suke daidaita sauran. Ƙwayoyin daskarar da jini su ma suna ɗauke da miR-223 da miR-126 masu yawa, in ba a tace su da kyau ba za ka zaci daga huhu saƙon ya zo. Sannan maganin hefarin yana hana gwajin PCR, wanda da shi muke auna maikro-RNA, tafiya.

Sista Rabi:
Malam, tsaya. Hefarin ka ce? Ai kusan duk majinyatanmu suna kansa don hana daskarewar jini, kuma a wasu wuraren da ruwan hefarin ake wanke layin jijiyar da muke ɗibar jini ta ciki. Sirinjin gwajin iskar jini ma da shi yake zuwa.

Malam Usman:
Shi ya sa duk binciken da za a yi dole a zauna da ku tun farko, Sista. A ɗiba a kwalba mai sinadarin EDTA maimakon hefarin, a zubar da na farkon da ya fito daga layin, a rubuta ko majinyaci yana kan hefarin da sa'ar da aka ba shi, mu kuma mu sa hefarines, mai rushe hefarin, kafin gwaji. A juya jinin a na'urar tace ƙwayoyinsa sau biyu cikin ɗan lokaci, a duba launinsa kafin a daskarar.

Dr. Bashir:
A kuma rubuta rana ta nawa ce da fara ciwon, ba ranar kwantarwa ba. A ɗiba fiye da sau ɗaya. A haɗa da masu nimoniya da ba su kai ga ARDS ba da masu ruwa a huhu saboda ciwon zuciya, don su ne nake ruɗewa da su, ba lafiyayyu ba.

Maryam:
Na gode ƙwarai, malamaina. Zan raba aikin bisa nau'in sel da matakin ciwo, in ware abin da aka gani a ɓera daban da na mutum. Malam Usman, tambaya ɗaya ta rage: ruwan da ake wankowa daga cikin huhu bai fi jini nuna gaskiya ba?

Malam Usman:
Ya fi kusa da inda abin ke faruwa, amma ba kowane majinyaci ne zai jure a zura masa na'urar hangen huhu a zuba ruwa ba, musamman wanda oksijin ɗinsa ke ƙasa. Kuma ruwan gishirin da aka zuba yana tsarma abin da aka samo, ba a cika sanin da nawa ba. A kowace takarda ki duba wanne suka yi amfani da shi, kada ki haɗa sakamakon jini da na ruwan huhu a jadawali ɗaya.